Dokar da Ake Kwancewa da Sifana

Wanda ya saba ratsa lungunan Zongon Kwatano, daga bayan babban masallaci ya gangara wajen Jonke, ya san ƙarar nan da ke tashi tun kafin hantsi ya dubi ludayi, mai shiga kunne ta sauka a haƙori. Giranda ce, injin nan na hannu da masu walda ke yanka ƙarfe da shi. Sai dai in ka bi ƙarar, ba kullum mai walda za ka tarar ba. Wani lokaci kafinta ne a ƙofar gidansu. Wani lokaci maigida ne da kansa ya aro ta don ya haɗa wa ragon layya rumfa, ko ya rage ƙyauren da damina ta kumbura. In ka tsaya yin sannu da aiki, ɗaga ido ka dubi bango. Galibi za ka ga wani ƙarfe mai siffar rabin wata rataye a ƙusa, ko ka gan shi ƙarƙashin benci an mai da shi mazubin ƙusoshi. Murfin girandar ne. Kwali ɗaya suka zo a ciki, kuma sau da yawa ranar da aka saye ta ranar aka raba su.

Tambayi dalili, amsar ba ta wuce uku. Wani ya ce, "Yana tare mini gani." Wani ya yi murmushi ya ce, "Haba Malam, shekara nawa muna wannan aikin?" Na ukun ne ke fito da ainihin zancen: "Faifan da nake so ba ya shiga sai an cire shi."

Faifan da yake nufi shi ne faifan zarto mai haƙora, wanda aka ƙera don injin yankan katako. Ƙaramar giranda mai ɗaukar faifai milimita 115 ko 125 tana juyawa sau 11,000 zuwa 12,000 a minti ɗaya. Faifan zarto mai faɗin milimita 180 ko fiye an buga iyakar gudunsa a jikinsa, kuma galibi iyakar ba ta kai nan ba. Zarton lantarki na ainihi yana da tafin ƙarfe da ke zama daram a kan katako, yana da murfi mai komawa da kansa ya rufe haƙoran da zarar an ɗaga shi. Giranda ba ta da ko ɗaya. Ranar da haƙori ya ci karo da gaɓa a jikin katako, ko tsohuwar ƙusa da ta nutse, injin ne ke zabura, kuma inda yake nufa shi ne cinya, ko ciki, ko fuska, ko hannun hagun da ya dafe katakon. A 2021 hukumar kula da lafiyar kayan masarufi ta Birtaniya ta fitar da gargaɗi kan wani ɗan'uwan wannan faifai, mai ɗauke da sarƙar injin saran itace a gefensa, ta ce a daina ɗaura shi a giranda, a kuma janye shi daga kasuwa.

Babu mai ƙera kaya da ke son ƙarin ƙarfe da ƙarin noti a abin da zai sayar da araha. In ka ga rabin watan nan a cikin kwali, tilasta wa kamfanin aka yi. Tarayyar Turai tana da dokar injuna ta 2006, wadda asalinta ya faro daga 1989, da ke hana sa inji a kasuwa sai an tsare sassansa masu juyawa. Haruffan nan biyu, CE, da ke manne a jikin kaya, shaidar mai ƙerawa ce cewa ya bi ta. Masu dokar sun san ba za su iya bin kowane mutum gidansa ranar hutu su ga yadda yake riƙe da zarto ba. Sai suka zuba dokar a cikin ƙarfen kansa, ta yadda duk inda injin ya je da ita zai je. Ta hau jirgin ruwa, ta sauka a Kwatano, ta wuce duwan, ta iso Zongo lafiya lau. Mu ne muke ɗauko sifana mu kwance ta.

Ita kuwa dokar gida iyakarta bakin ƙofa. Dokar ƙwadago ta Benin, mai lamba 98-004 ta ranar 27 ga Janairun 1998, ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata nauyin tsare lafiyarsu, ta kuma wajabta kwamitin tsafta da kariya a ma'aikatar da ke da mutum 30 ko fiye. Asusun CNSS yana biyan diyyar haɗarin aiki ga wanda aka yi wa rajista. Duk wannan ya yi daidai da masana'anta mai maigadi da takardar albashi. To amma fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a ƙasar nan ba su san takardar albashi ba. Kafintan da ke aiki da yara uku a zauren gidan haya, da wuya sufeto ya san da zamansa. Shi kuwa maigidan da ya aro giranda ba ma'aikacin kowa ba ne, don haka babu ruwan dokar ƙwadago da shi. Har a Amurka haka abin yake. Hukumar OSHA ma'aikatu take bi. Mai aikin katako a gidansa sai dai hukumar CPSC, wadda aka kafa a 1972, ta kare shi ta hanyar sa ido kan abin da ake sayar masa.

A can ɗin an shafe fiye da shekara 20 ana wata rigima da ta cancanci a ji ta. A 1999 wani Ba'amurke, Stephen Gass, masanin fiziks kuma lauya kan haƙƙin ƙirƙira, wanda ke aikin katako a gida don sha'awa, ya ƙirƙiro zarton tebur mai gane jikin mutum. Ana sakar wa faifan wata 'yar wutar lantarki mara ƙarfi. Busasshen katako ba ya ɗaukar ta, jikin mutum kuwa yana ɗauka. Da zarar yatsa ya taɓa haƙori sai na'urar ta ji wutar ta canja, wani dunƙulen alminiyam ya daki faifan ya tsayar da shi, faifan ya nutse ƙarƙashin tebur, duka cikin abin da bai kai kashi 5 cikin 1,000 na daƙiƙa ba. Faifan da birkin ne ke lalacewa, yatsa ya tsira da ƙwarzane.

Manyan kamfanoni suka ƙi sayen dabarar. Sai ya kafa nasa, SawStop, a jihar Oregon, kuma a 2003 ya nemi CPSC ta wajabta irin wannan kariya a kan kowane zarton tebur. Alƙaluman hukumar sun nuna kimanin mutum 30,000 ne faifan zarton tebur ke kaiwa asibiti duk shekara a Amurka, kimanin 4,000 daga ciki suna rasa yatsa ko fiye. Kamfanonin suka ce mutumin nan so yake gwamnati ta tilasta wa kowa sayen abin da shi kaɗai ke da haƙƙinsa, kuma farashin ƙaramin zarto zai ninka har mai ƙaramin ƙarfi ya koma wa tsohon inji. Ba za a ce sharri suka yi masa ba, domin da kamfanin Bosch ya fito da irin nasa, SawStop ya kai ƙara, a 2017 aka hana shigo da na Bosch Amurka. A gefe guda kuma, a 2010 wata kotu a Boston ta ba wani mai aikin daɓen katako, Carlos Osorio, diyyar dala miliyan 1.5 saboda zarton Ryobi ya illata masa hannu, alhali an cire wa zarton murfi lokacin da yake aiki da shi. Hujjar da ta yi nasara ita ce dabarar tsayar da faifai tana nan, kamfani ya san da ita, bai sa ba. Hukumar CPSC ta fitar da daftarin doka a 2017, ta sabunta shi a 2023, a 2024 SawStop ya yi alkawarin sakin babban haƙƙinsa ga kowa in dokar ta tabbata. A watan Agustan 2025 hukumar ta janye daftarin.

Na kawo labarin ne don a ga yadda ƙasa mai kuɗi da lauyoyi da ƙididdigar kowane yatsa ta kasa yanke hukunci. Amma rigimarsu ba tamu ba ce. Mafi araha a cikin zartunan SawStop ya doshi dala 900, kusan albashin wata goma ga mai karɓar mafi ƙarancin albashi a Benin, wanda ya koma sefa 52,000 a Janairun 2023. Ga shi kuma ɗanyen katako yana ɗaukar wuta, yana iya sa birkin ya tashi a banza, mu kuwa rabin katakon tik ɗin da ke zuwa hannun kafinta bai gama bushewa ba. Zarton tebur ɗinmu ma sau da yawa haɗin gida ne: tsohon injin lantarki, bel, sandar ƙarfe, da tebur da aka tsaga tsakiyarsa faifai ya leƙo. Yana aiki, yana ciyar da gida, kuma wanda ya haɗa shi ya cancanci yabo. Abubuwan da ya rasa ba su da tsada ko kaɗan.

Akwai wani siririn ƙarfe mai lanƙwasa da ke tsayawa daf da bayan faifan, ya ɗan fi jikin faifan kauri amma bai kai faɗin tsagar ba. Katakon da bai bushe ba yakan matse bayan an tsaga shi, ya cafke haƙoran baya masu tasowa sama, su kuwa su ɗauke shi su jefo wa mai aiki, wani lokaci su jawo hannunsa kan faifan. Wannan ƙarfe shi ke hana tsagar rufewa. Turai ta daɗe da wajabta shi, Amurka sai wajajen 2008 ma'aunin masana'antunta ya fara neman sa a sababbin samfura. Kowane mai walda a Zongo zai iya yanka shi ya ɗaura in an nuna masa sau ɗaya. Akwai sandar tura katako, wadda ake yi da guntun falankin da za a zubar, don ƙarshen yanka ya wuce ba tare da yatsu sun kusanci haƙora ba. Ita ko sisi ba ta ci.

Wanda ya fi damuna shi ne makunni, saboda shi ne ya fi dacewa da halin da muke ciki, kuma shi ne aka fi mantawa. Tashar wuta ta Maria-Gléta mai megawat 127 da aka buɗe a 2019 ta rage ɗauke wuta, amma ba ta kawar da shi ba. Ana tsakiyar yanka sai wuta ta tafi. Faifai ya lafa, wuri ya yi tsit, maigida ya ce, "To, Allah ya kawo ta da wuri." Aka kira azahar. Yara suka karkaɗe dusa, aka yi alwala, aka tafi masallaci. Babu wanda ya tuna da makunni, domin injin da ya yi shiru kowa gani yake a kashe yake. Ana raka'a ta biyu wuta ta dawo, zarto ya tashi shi kaɗai a cikin gidan da ba kowa sai mata da ƙananan yara, ko giranda ta zabura daga kan benci tana birgima a ƙasa. Ko kuma yaron shago ya ce bari ya yi amfani da wannan dama ya share dusar da ta cushe ƙarƙashin faifai. Dokar Turai ta yi magana kan wannan ƙarara: dawowar wuta bayan yankewarta kada ta sa inji ya tashi da kansa. Maganin wani ɗan akwati ne mai maɓalli kore da ja, wanda ke sakin kansa da zarar wuta ta yanke, ba ya sake kamawa sai an danna kore da hannu. A ƙasashen da wuta ke shekara ba ta ƙifta ba aka wajabta shi. A nan inda ake buƙatarsa kullum, wuƙar wuta ce irin ta da a jikin bango, ko ma waya biyu tsirara da aka cusa a soket aka tokare da tsinken ashana.

Wayoyin nan tsirara ma suna da nasu dalilin. Kayan da suka biyo ta Seme daga Legas suna zuwa da fulogi mai ƙafa uku masu kusurwa irin na Ingila, soket ɗin gidajenmu kuwa mai zagaye ne irin na Faransa. Sai a datse fulogin, wayar ƙasa ta tafi tare da shi. Kwatano gari ne mai kwance tsakanin teku da tabki, damina biyu yake gani a shekara, tsakar gida na iya yin mako ba ta bushe ba. Mutum ne tsaye da silifa a jiƙaƙƙen yashi riƙe da inji mai jikin ƙarfe a kan wuta mai bolt 220. Akwai hukumar CONTRELEC da aikinta shi ne duba wayoyin cikin gini, akwai kuma na'urar da ke katse wuta in miliamfa 30 kacal ta ɓalle ta bi jikin mutum. Amma wayar jona da aka ja daga ɗakin maƙwabci ta ratsa ta kan katanga ba ta cikin zanen kowane gini. Mai saye dai zai iya duba jikin injin: in ya ga alamar ƙaramin murabba'i a cikin babba, an yi masa rufi biyu, ba ya buƙatar wayar ƙasa. In babu, kada ya yarda a datse fulogin.

Kakanninmu masassaƙa ba su rasa tarbiyyar makami ba. Mai sassaƙa turmi da akushi da allo yana da ƙa'idar inda ake aje ƙafa in ana sara da gizago, da yadda ake miƙa wa wani wuƙa, da shekarun da yaro zai yi yana kallo kafin a ba shi. Amma gizago da ƙarfin damtse yake tafiya, in hannu ya tsaya shi ma ya tsaya. Faifai mai haƙora 40 da ke juyawa sau 4,000 a minti yana wuce da haƙora fiye da 2,600 a daƙiƙa ɗaya. Kafin ido ya gani, ƙwaƙwalwa ta ce a janye, hannu ya janye, rubu'in daƙiƙa ya wuce, haƙora sama da 600 sun bi ta wurin. Wannan lissafi bai san gwani ba. Hasali ma gwanin ne ya fi kusantar da yatsunsa, domin tsoro ya daɗe da barinsa. Inji ya shigo hannunmu da sauri, tarbiyyarsa ba ta biyo shi da irin wannan sauri ba.

Idan abin ya faru, kalmar da za ka ji a bakin kowa ita ce tsautsayi. "Tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Allah ya kiyaye gaba." Addu'a ce mai kyau ga wanda ke kwance, kuma ba wanda zai je dubiya ya tsaya yi masa lissafin noti. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a dawo daga dubiyar a kunna injin nan yadda yake. Hannun dama a wurinmu da shi ake ci, da shi ake gaisawa, da manuniyarsa ake tahiya, ban da sana'ar da ta tsaya da kuɗin asibitin da dangi za su haɗa. Mutane da yawa kuma ba su san abin yi a mintunan farko ba. A danne raunin da tsumma mai tsabta, a ɗaga hannun sama. Kada a zuba man birki ko fetur ko garin wani abu. In yatsa ya fita, a naɗe shi da ƙyalle mai tsabta da ɗan laima, a sa a leda a ƙulle, a sa ledar cikin ruwan ƙanƙara, kada ya taɓa ƙanƙarar kai tsaye. Sannan a nufi babban asibiti irin CNHU Hubert Koutoukou Maga da gaggawa. Likita ne zai ce ana iya ceto shi ko ba a iyawa, kuma sa'o'in farko ne ke yanke hukunci.

Akwai kuma cutar da ba ta zubar da jini. Tun 1995 cibiyar binciken daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Liyon ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji, musamman na cikin hanci. Zarton hannu dusa yake zubarwa ƙasa, inji kuwa gari yake tayarwa sama, a zauren da ke buɗe zuwa ɗakunan kwana. Abin dariya abin takaici: madobiya, itacen da aka yi ta kwasa daga dazukan yankin nan zuwa Sin, tun Janairun 2017 tana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, ba ta ƙetare iyaka sai da takarda. Huhun mai yanka ta kuwa bai sami ko takardar gargaɗi ba.

To gwamnati fa? Mutanen Kwatano sun san in ta ƙudiri abu tana iyawa. A 2014 aka tilasta wa masu babur hular kwano, daga 1 ga Maris 2024 aka haɗa har da wanda aka goya, kuma yau ɗan zemijan, wato ɗan acaɓa, da fasinjansa duk da hula suke tafe. A Janairun 2017, lokacin da Modeste Toboula ke kantoman yankin Littoral, aka share rumfunan da ke gefen tituna cikin 'yan makonni. Sai dai kai a bainar jama'a yake yawo, ɗan sanda na ganinsa daga mahaɗar hanya. Hannu kuwa a bayan katanga yake aiki. Sharar titunan ma, duk da amfaninta, wani abin da ta haifar shi ne masu ƙananan sana'o'i suka ja baya zuwa lunguna da tsakar gidaje, inda ido bai kai ba kuma yara suka fi yawa. Ni dai ba na fatan ranar da za a ba wani jami'i ikon kutsawa gidajen mutane yana duba giranda. Mun san inda irin wannan iko yake ƙarewa: a ba da na goro, a bar murfi a ƙusa, talaka ya ƙara wani abin tsoro a rayuwarsa.

Wuraren da hannun hukuma zai iya kaiwa ba tare da ta taka tabarmar kowa ba guda biyu ne. Ɗaya shi ne wurin koyon sana'a. A Benin yawancin kafintoci a hannun maigida suka koya, daga shekara 14 da doka ta yarda a fara, har ranar bikin yaye. Tun 2005 gwamnati ta kafa takardun shaida biyu: CQP ga masu haɗa shago da cibiyar horo, da CQM ga waɗanda suka koya a shago kaɗai, kuma akwai majalisar masu sana'ar hannu ta ƙasa. Wannan jarrabawa ita ce ranar da kusan kowane sabon kafinta zai tsaya gaban wakilin hukuma da kansa, yana son abin da ke hannun wakilin. In mai jarrabawa kujera kawai ya duba, ya ga ƙafafunta sun zauna, ya sa hannu, an yi asarar ranar. Kamata ya yi a aje wa yaro inji a kwance a ce ya ɗaura murfi, ya daidaita ƙarfen bayan faifai, ya karanta iyakar gudun faifan, sannan a katse wuta ba zato a ga abin da hannunsa zai fara yi. Wanda bai kai hannu ga makunni ba ya dawo baɗi. In aka yi shekara biyu ana haka, iyayen gida da kansu za su fara koyarwa, don ba maigidan da ke son a ce yaransa sun faɗi. Yaro ba zai iya cewa, "Maigida, a mayar da murfin nan," ba, ladabi ya hana shi. Amma zai iya cewa, "Maigida, an ce za a tambaye mu shi a jarrabawa." A Zongo kuma, inda maganar sarki da liman da dattawan sana'a ta fi takardar ofis saurin shiga, ba sai an jira doka ba kafin a hana ba yaron da bai shekara ba injin yanka.

Za a ce duk wannan ƙarin kuɗi ne a kan mai neman na cefane. Akwatin makunni kuɗi ne, gaskiya. Amma sau ɗaya ake sayensa, kuma bai kai kuɗin ɗinki da hoto da allurar sarƙe-haƙora na yini ɗaya ba.

Wuri na biyu shi ne tashar jiragen ruwa. Kusan duk injin da ke ƙara a Zongo ta ƙofa ɗaya ya shigo, tashar da aka buɗe a 1965, wadda tun 2018 kamfanin tashar Antwap ta Beljiyam ke gudanar da ita. Shekara da shekaru, har zuwa 2023, kayan da suka sauka a nan sun yi ta hawa manyan motoci zuwa Malanbil da Gaya, su isa Maraɗi, su ɓulla Katsina da Kano, don haka girandar da aka bari ta wuce a Kwatano tana iya cin yatsa a Ƙofar Ruwa ta Kano. Benin tana da hukumar ANM mai kula da ma'auni da inganci, Najeriya tana da SON da tsarinta na tantance kaya tun kafin a lodo su. Abin da ake buƙata a nan bai kai gwajin ɗakin bincike ba, ido ya isa. Sabon inji ya zo da murfinsa da takardar bayani cikin Faransanci. Faifan yankan ƙarfe yana da ranar lalacewa, galibi shekara uku daga ƙerawa, a buge a zoben tsakiyarsa, domin ƙaron da ya haɗa shi yana rauni da tsufa da laima, wanda ya wuce lokaci kada ya shigo. Haruffan CE kuwa kowa na iya buga su a takarda mai manne, sai an riƙa ɗaukar samfuri ana dubawa.

Tsofaffin injuna, irin waɗanda ake kira 'yan Kwatano a kasuwannin arewa, su suka fi wuyar sha'ani. Da yawansu sun fi sababbin araha ƙarko nesa ba kusa ba, kuma kafintan da ya sami tsohon injin Jamus ya yi dace. Amma mai loda kwantena wuri yake nema. Yakan kwance duk abin da ya turo waje, murfi da ƙarfen baya da akwatin makunni, in an yi sa'a a jefa su a wani buhu, in ba a yi ba a bar su can. Daga 20 ga Janairun 2027 sabuwar dokar injuna ta Turai, mai lamba 2023/1230, za ta maye gurbin ta 2006, da sharuɗɗan da suka fi tsauri. Abin da za a sayar a kasuwar Turai kaɗai ta shafa. Injin da aka loda a Antwap ko Hambag zuwa Kwatano ya fita daga hannunta tun yana bakin teku, kuma mutum na farko da ke da ikon tambayar ina sauran sassansa shi ne jami'in da zai buɗe kwantenar a nan.